Gargaɗi da Kaye: Shin Ɗan Kokowa Yana da Haƙƙin Ja da Hukuncin Alƙali?

Kokowa ita ce wasan da ya fi kowane tara jama'a a Jamhuriyar Nijar, kuma tun daga shekarar 1975, lokacin da aka yi gasar takobin ƙasa ta farko a birnin Tawa, wadda Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya lashe, ta tashi daga nishaɗin samarin ƙauye na bayan kaka ta zama al'amarin hukuma, mai rubutacciyar doka da alƙalai da kyauta mai tsoka. A yau kowace jiha daga cikin jihohi takwas na ƙasar tana aika 'yan kokowa goma, wato mutum 80 ke nan suke neman takobi guda, amma kafin mutum ya shiga cikin goman jiharsa sai ya ratsa ta wasannin tankaɗe da rairaya da ake farawa tun daga gundumomi. Saboda haka a Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, inda matashi yake fara gwada ƙarfinsa a fagen ƙauye ko a ranar kasuwa kafin ya kai filin Hamidin Mai Dare na Tawa, hukuncin alƙali guda ɗaya yana iya buɗe wa mutum hanyar suna da arziki, yana kuma iya mayar da shi gona ya jira baɗi. Tambayar da ta raba masu sha'awar wasan gida biyu ita ce ko ya kamata a ba ɗan kokowa da mai horar da shi damar ƙalubalantar hukuncin alƙali ta hanyar da doka ta amince da ita, ko kuwa maganar alƙali ta zama ita ce ta ƙarshe ko da ya yi kuskure.

Inda saɓanin ya samo asali

Hukuncin alƙalin kokowa iri biyu ne, kuma rashin bambance su shi ne yake sa gardamar ta ƙi ƙarewa. Na farko shi ne hukuncin kaye, wato tabbatar da cewa bayan mutum ko mazaunansa ko kansa, ko wata gaɓa da doka ta lissafa, ta taɓa ƙasa, da kuma tantance wanda ya riga taɓawa idan mutum biyu suka zube tare. Na biyu shi ne gargaɗi, wanda ake ba mai ƙin kamawa, mai ja da baya yana zagaya da'irar buhunan yashi don cin lokaci, ko mai duka da murɗe yatsa da makamantansu, kuma idan lokaci ya cika ba a yi kaye ba, gargaɗin yana iya zama abin da za a ba abokin karawarsa nasara da shi. Hukuncin farko tambaya ce game da abin da ya faru, wanda ido ko na'urar ɗaukar hoto za su iya shaidawa. Na biyun kuwa kimantawa ce, domin alƙali ne yake auna ko ja da bayan da mutum ya yi dabarar neman kamu ce, ko kuwa hana wasa ne.

Wannan matsala ta hana abokin karawa yin wasansa ba kokowa kaɗai ta shafa ba, kuma ɗaya daga cikin wasannin da suka fayyace ta a dokarsu shi ne sofbol, ƙanin besbol, wanda aka ƙirƙiro a birnin Shikago na Amurka a 1887, aka kuma yi shi a wasannin Olamfik daga 1996 zuwa 2008, sannan a na Tokiyo. A wannan wasa mutum yakan doki ƙwallo da sanda, ya ruga ya zagaya zango huɗu, masu tsaron fili kuma suna ƙoƙarin kai ƙwallon zango kafin ya isa. Dokar tare hanya ta ce mai tsaron da ba ya riƙe da ƙwallo, ba ya kuma cikin kama wadda aka doko, ba shi da ikon shiga gaban mai gudu, ko da gangan ya yi ko ba da gangan ba. Idan haka ta faru alƙali yakan miƙa hannunsa na hagu gefe ya bar wasa ya ci gaba, bayan an tsaya kuma ya ba mai gudun zangon da a ganinsa zai kai da ba a tare shi ba. Abin lura shi ne dokar wasan ta yarda mai horarwa ya shigar da ƙara nan take, kafin jifa ta gaba, idan alƙali ya fassara doka ba daidai ba, amma ba ta yarda a yi ƙara kan abin da alƙali ya gani ya kimanta ba. Wannan rabe-raben zai yi amfani wajen auna hujjojin ɓangarorin biyu.

Abin da masu neman damar ƙalubale suke cewa game da adalci

Hujjarsu ta farko ita ce girman abin da ake takara a kai ya wuce a rataya shi a kan ido biyu na mutum guda. A da, idan samarin Tsarnawa suka je wa na Dogerawa kokowa bayan an ɗaure dammunan gero, abin da ake nema shi ne suna da kirari, kuma wanda aka zalunta yau zai rama a kasuwa mai zuwa. Yanzu kuwa wanda ya ɗauki takobi yana samun doki da rawani da miliyoyin kuɗin sefa, ban da kyautar 'yan kasuwa da manyan jiharsa, kuma ko shiga cikin goman jiha kaɗai yana sauya matsayin matashi a garinsu. Kaye kuma abu ne da yake aukuwa cikin ƙiftawar ido, cikin ƙura da kiɗa da ihun dubban mutane, ga shi sau da yawa jikin ɗaya yana kare wa alƙali gwiwar ɗayan. Masu wannan ra'ayi suna cewa gani ya kori ji, kuma tunda gidan talabijin na ƙasa yana nuna gasar takobi kai tsaye, yana kuma maimaita kowane kaye a hankali, ba daidai ba ne mai kallo a rumfar shayi a Galmi ya ga abin da ya faru sarai, alhali hukuncin da aka yanke cikin kuskure ya tsaya yadda yake. A ganinsu, kuskuren da kowa ya gani amma aka ƙi gyarawa ya fi kowane ƙalubale zubar da mutuncin alƙali.

Amsar masu kare ikon alƙali

Masu adawa ba su musanta cewa alƙali yana kuskure ba, sai dai suna cewa fagen kokowa wuri ne da zaman lafiyarsa ya dogara ga mutum guda da kowa ya yarda idan ya busa usur an gama. Filin cike yake da magoya baya da makaɗa da maroƙa da 'yan cali-cali, kowane ɓangare ya zo da sunan garinsa ko jiharsa, kuma mintunan da za a ɗauka ana jayayya a gaban teburin alƙalai su ne lokacin da zuciya take tashi, jifa take farawa. Suna kafa hujja da ƙwallon ƙafa, wadda dokarta ta biyar ta ce hukuncin alƙali kan abin da ya faru a wasa shi ne na ƙarshe, ta kuma tanadi katin gargaɗi ga mai yi masa gardama, har ta kai a gasar ƙasashen Turai ta 2024 an taƙaita wa kyaftin kaɗai ikon tunkarar alƙali don neman bayani. Idan wasan da ya fi kowane kuɗi da kayan aiki a duniya yana ƙara tsuke bakin 'yan wasa, in ji su, babu hikima kokowa ta buɗe ƙofar da wasu suke ƙoƙarin rufewa. Suna ƙarawa da cewa tarbiyyar kokowa ta ginu ne a kan mutum ya sha kaye ya tashi ya kaɗe jikinsa ya rungumi wanda ya kayar da shi, kuma ranar da aka koya wa matasa cewa bayan kowane kaye akwai ƙara, an rushe wani abu da ya fi takobi daraja.

Hujjar masu goyon baya daga kokowar wasu ƙasashe

Ɓangaren farko yana amsa cewa ƙalubale mai tsari daban yake da hayaniya, hasali ma shi ne maganinta, domin wanda ya san yana da ƙofar shigar da kuka ba ya buƙatar tunzura magoya bayansa. Misalin da suka fi kawowa shi ne sumo, kokowar gargajiya ta Japan, wadda ba wanda zai zarge ta da raina al'ada. A can alƙalin tsakiya dole ne ya nuna wanda ya yi nasara, amma akwai wasu alƙalai biyar zaune kewaye da fage, kuma idan ɗayansu ya ɗaga hannu sai su hau su tattauna, su tabbatar da hukuncin, ko su juya shi, ko su ce a sake karawa. Tun 1969 suke taimaka wa kansu da hoton bidiyo, bayan wani hukunci da ya katse wa gwarzon sumo Taiho nasarori 45 a jere, alhali hotuna sun nuna ƙafar abokin karawarsa ce ta riga fita. Haka kuma a kokowar Olamfik mai horarwa yana iya neman a duba bidiyo, amma idan bincike ya nuna alƙali ne da gaskiya sai a ba abokin karawa maki ɗaya, a kuma karɓe damar ƙalubalen. Wannan farashi da aka ɗora wa ƙarar banza, a cewarsu, ya isa ya hana mutane mayar da ƙalubale hanyar ɓata lokaci.

Martanin masu adawa game da kayan aiki da daidaito

Masu kare alƙali suna jawo hankali ga abu biyu. Na farko, a sumo alƙalai ne suke tayar da maganar tsakaninsu, wanda aka kayar kuwa yakan sunkuya ya fita ba tare da ya ce uffan ba, saboda haka misalin ya fi nuna amfanin ƙara yawan idanun alƙalai fiye da amfanin ba ɗan wasa bakin magana. Na biyu, kokowar da ake nunawa a talabijin kwanaki kaɗan ce a shekara, mafi yawan karawar da take tantance makomar matashi kuwa ana yin ta ne a Badagishiri da Tajaye da Bazaga da Allela, inda babu na'urar ɗaukar hoto sai wayoyin 'yan kallo, kowace tana ɗauka daga kusurwar da mai ita yake tsaye, kuma mai ita yana da wanda yake goyon baya. Dokar da za ta yi aiki a filin Tawa ta kasa aiki a gunduma ta raba wasa ɗaya gida biyu. Suna kuma tunatarwa cewa dogaro da na'ura yana da nasa haɗarin, kamar yadda aka gani a wasan ƙarshe na gasar zakarun kulob na Afirka a watan Mayu na 2019 a Tunisiya, lokacin da aka soke ƙwallon da Wydad ta Kasabalanka ta ci Espérance, 'yan Wydad suka nemi a duba bidiyo, aka tarar na'urar ba ta aiki, suka ƙi ci gaba da wasa, rigimar kuma ta ɗauki watanni a gaban kwamitoci da kotun wasanni. Alkawarin gyara da ba a iya cikawa, in ji su, ya fi rashin alkawarin tayar da fitina.

Batun gargaɗi, inda gardamar ta fi zafi

Masu neman ƙalubale suna ganin gargaɗi ya fi kaye buƙatar a sa masa ido, domin kaye kowa yana ganinsa, amma nasarar da aka bayar da gargaɗi tana fitowa ne daga zuciyar alƙali. Ɗan kokowa mai ƙaramin jiki da ya haɗu da ƙato ba shi da wata dabara face ya riƙa kaucewa yana jiran ƙafa ta samu, kuma idan aka kira wannan ƙin kamawa, to doka ta koma bayan mai nauyi. Haka nan mutum biyu suna iya cin lokaci daidai wa daida, a ba ɗaya gargaɗi a ƙyale ɗayan, kuma idan wanda aka ƙyale ɗan gida ne, babu abin da zai cire zargi daga zukatan baƙi. A nan ne, a cewarsu, son kai yake iya ɓuya ba tare da an kama shi ba, don haka a nan ne aka fi buƙatar wanda zai tambayi alƙali dalilinsa.

Masu adawa suna amsa cewa wannan shi ne ainihin wurin da ƙalubale ba zai amfana da komai ba, domin bidiyo yana nuna gwiwa a ƙasa, amma ba ya nuna ko taku uku da mutum ya yi baya tsoro ne ko tarko. Idan aka miƙa maganar ga wasu alƙalai, an musanya kimantawar mutum ɗaya da ta wasu mutane ne kawai, waɗanda ba su fi shi kusa da 'yan wasan ba. Suna kawo abin da ya faru a Amurka ranar 26 ga Oktoba 2013, a karawa ta uku ta wasan ƙarshe na besbol tsakanin St. Louis da Boston, inda mai tsaron zango na uku, Will Middlebrooks, ya faɗi yana neman kama ƙwallo, mai gudu Allen Craig ya yi tuntuɓe da shi, alƙali Jim Joyce ya yanke hukuncin tare hanya, aka ba St. Louis makin da ta ci wasan da shi 5 da 4. Magoya bayan Boston sun yi ta cewa wanda yake kwance ba shi da inda zai gusa, amma hukuncin ya tsaya, saboda dokar ba ta tambayi niyya ba, ta tambayi ko an tare mai gudu ne kawai. Darasin da suke cirowa shi ne abin da ya kashe gardamar rannan fayyatacciyar doka ce, wadda ta rage wa alƙali abin da zai yi hasashe a kai.

Tace hujjoji

Idan aka jera hujjojin nan aka dube su da kyau, za a ga kowane ɓangare yana da ƙarfi a wuri guda, yana da rauni a wani. Masu neman ƙalubale sun fi gaskiya a kan kaye, domin tambayar wanda ya riga taɓa ƙasa tana da amsa guda, kuma inda hoton da zai nuna ta yake, ƙin dubawa ba ya kare mutuncin kowa. Ko ƙwallon ƙafa da masu adawa suke dogara da ita ta shigar da taimakon bidiyo cikin dokokinta a 2018, sai dai a lokacin ta taƙaita shi ga kuskure bayyananne a abubuwa huɗu, wato cin ƙwallo, bugun daga kai sai mai tsaron gida, jan kati kai tsaye, da hukunta wani a madadin wani. Masu adawa kuma sun fi gaskiya a kan gargaɗi, domin kimantawa ba ta zama tabbas don an maimaita kallonta. Sun kuma yi daidai da suka ce tsarin da ba zai kai gunduma ba bai magance matsalar mafi yawan 'yan kokowa ba.

Akwai kuma nau'i na uku na kuskure wanda ɓangarorin biyu ba su cika tsayawa a kansa ba, shi ne alƙali ya ga abu daidai amma ya ɗora masa dokar da ba tasa ba, ko kuma ya karkata da gangan. A wannan fanni hukumomin wasanni sun daɗe da yarda cewa maganar alƙali ba ita ce ta ƙarshe ba. A 2005 hukumar FIFA ta soke wasan neman shiga gasar kofin duniya da Uzbekistan ta ci Bahrain 1 da 0, saboda alƙali ya ba Bahrain bugun tazara a wurin da doka ta ce a sake bugun daga kai sai mai tsaron gida, kuma Uzbekistan da ta shigar da ƙarar ita ce aka fitar bayan an sake wasan, abin da yake nuna cewa ƙara ba ta tabbatar wa mai ita riba. A wasan Afirka ta Kudu da Senegal na Nuwamba 2016, an samu alƙali Joseph Lamptey na Gana da laifin murɗe sakamako, aka dakatar da shi har abada, aka sake wasan bayan shekara guda, Senegal ta ci 2 da 0. Amma a Janairu 2022 a Limbe ta Kamaru, da alƙali Janny Sikazwe ya tashi wasan Mali da Tunisiya kafin minti 90 su cika, an yi watsi da ƙarar Tunisiya, sakamakon ya tsaya. Waɗannan misalai suna nuna cewa layin da yake tsakanin kuskuren gani da kuskuren doka yana da amfani ƙwarai, amma ko manyan hukumomi ba kullum suke ja shi a wuri ɗaya ba.

Abin da ya fito fili daga muhawarar shi ne wani kaso mai yawa na rigimar gargaɗi ana iya rage shi tun kafin a kai ga batun ƙalubale. A kokowar Olamfik ta salon sake, idan aka ga mutum ba ya kai hari sai a ɗora masa daƙiƙa 30, in bai ci maki a cikinsu ba a ba abokin karawarsa maki ɗaya, ta haka aka mayar da abin da yake zuciyar alƙali abin da kowa yake iya ƙirgawa. Doka a fage kamar tiya ce a kasuwar hatsi, wadda mai saye da mai sayarwa suke kallon cikarta tare, kuma muddin ɗan kokowa da makaɗinsa da magoya bayansa ba su ji sharuɗɗan gargaɗi da Hausa ba, a bakin mai shela kafin a fara da kuma a gidajen rediyon gundumomi, kowane hukunci zai riƙa zo musu kamar ra'ayin alƙali ne kawai. Sanar da dalilin kowane gargaɗi a lasifika lokacin da aka bayar da shi, da ɗauko alƙalin da ba ɗan garin kowane daga cikin masu karawa ba, matakai ne da ba sa buƙatar na'ura, kuma ɓangarorin biyu suna iya haɗuwa a kansu.

Abin da ya rage ba a warware ba shi ne wanda ya kamata ya riƙe ikon tayar da magana. Idan aka bar shi ga alƙalan gefe kaɗai, kamar yadda sumo ta yi, an kiyaye kwarjinin fage da tarbiyyar karɓar kaye, amma an bar wanda aka zalunta yana jiran wani ya yi magana a madadinsa. Idan aka ba mai horarwa dama guda mai farashi, kamar a Olamfik, an ba mai rauni murya, amma an shigar da lissafin ƙara cikin wasan da mutane suke ƙauna saboda sauƙin hukuncinsa. Zaɓi tsakanin waɗannan biyu ya dogara ga abin da hukumar kokowa ta ƙasa da tsofaffin 'yan kokowa da masu kallo suka fi jin tsoron rasawa, ko amincewar wanda ya faɗi cewa an yi masa adalci, ko kuwa ikon usur guda na sallamar dubban mutane su koma gida lafiya, kuma mai hankali yana iya tsayawa a kowane ɓangare ba tare da ya saɓa wa hujja ba.